Maginan Gangarar Saluda

A jihar Karolina ta Arewa da ke Amurka, tsakanin wani wuri da ake kira Melrose da ɗan ƙaramin garin Saluda, an shimfiɗa layin dogo da ke hawa mita 185 cikin tafiyar da ba ta cika kilomita 5 ba. Mai mota zai ji wannan ya ce ai ba wani abu ba ne, don kullum yana hawa tudun da ya fi haka ba tare da ya ko canza giya ba. To amma taya roba ce a kan kwalta, tana kama ƙasa. Ƙafar jirgi kuwa ƙarfe ce mai santsi a kan ƙarfe mai santsi, kuma abin da ke bisa kanta dubban tan ne. A harkar jirgin kaya, layin da ke tashi mita 1 a kowace mita 100 an san yana da hawa. Wanda ya kai mita 2 ya zama hanyar dutse, sai an ƙara kawunan jirgi, an tsaurara doka. Na Saluda matsakaicinsa kashi 4.24 cikin 100 ne a tsawon kilomita 4.2, kuma akwai wani ɗan yanki na kimanin mita 90 da ya kai kashi 4.9. A lokacin da yake aiki, duk Amurka babu babban layi mai faɗin da aka saba da shi da ya kai shi tsananin hawa.

Kamfanin Norfolk Southern ya daina bi ta nan a watan Disamba na 2001. Tun daga lokacin jirgin kaya bai sake sauka wannan gangara ba, sai a cikin kwamfutocin mutane, inda yake sauka dare da rana. Wannan kuwa aikin wasu masu sana'a ne da ba a cika jin labarinsu ba, waɗanda ke ɗaukar hanyar jirgi ta gaske su sake gina ta taku bayan taku a cikin wasan tuƙin jirgi. Wasu kasuwanci suke yi da shi, kamar High Iron Simulations da suka yi wa wasan Train Simulator Classic hanyar Asheville zuwa Spartanburg, wadda Saluda ke tsakiyarta. Da yawa kuma sha'awa ce kawai take kai su, mutum ya taso daga aikinsa na rana, ya zauna da dare yana dasa alamun mil a gefen layi. Wanda ya leƙa allo ya ga jirgi na ratsa daji zai ɗauka zanen ne ya fi cin rai. Ni kuwa abin da ke burge ni a wurin gwanayensu yana wajen da ido ba ya gani: su sa mai wasa, yana zaune a kujerarsa, ya ji nauyin jirgin na tura shi ta baya har gabansa ya faɗi.

Sana'ar ta bunƙasa ne daga 2001, shekarar da aka fitar da Microsoft Train Simulator da kuma Trainz na kamfanin Auran na Ostareliya. Duka biyun sun zo da kayan gini, yadda duk mai haƙuri zai iya shimfiɗa tasa hanyar. Tun a lokacin hanyoyin dutse ne suka fi jan hankali. Wasan Microsoft ya zo da Marias Pass ta jihar Montana, kuma da kamfanin Dovetail Games na Ingila ya buɗe Train Sim World a 2017, da Sand Patch ya fara, hanyar kwal da kaya ta tsaunukan Pensilbaniya. Waɗannan hawansu yana wajen kashi 2 ne ko ƙasa da haka. Saluda ta ninka su, kuma duk wani ɗan kuskuren magini da zai ɓuya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a nan sai ya fito fili.

Aikin yana farawa da ƙasar kanta. Magini ba ya sassaƙa tsauni da hannu yadda ransa ya so. Yana ɗauko bayanan tsayin ƙasa ne da aka auna, ya zuba su cikin manhaja, ita kuma ta ɗaga tuddai ta zurfafa kwari. Shekaru da yawa tushen kowa shi ne awon da kumbon Endeavour ya yi a watan Fabrairu na 2000, lokacin da ya yi kwana 11 yana kewaya duniya da na'urar rada, ya auno yawancin doron ƙasa. Awon kyauta ne, kuma ya haɗa har da Nijeriya, don haka wanda zai so ya gina hawan Kafanchan zuwa Jos yana da wurin farawa. Sai dai yana da gibi biyu. Maki ɗaya yake bayarwa a kowace mita 30, alhali yankan da aka yi wa dutse don layi ya wuce sau da yawa bai kai faɗin haka ba, sai ya ɓace gaba ɗaya. Na biyu, a daji mai duhu rada kan dawo daga kan bishiyoyi kafin ta kai ƙasa, sai kwarin kogin Pacolet, wanda layin ke manne da gefensa, ya fito ya fi yadda yake cika. Yanzu an sami awon hasken lesa daga jirgin sama, wanda ke ratsa tsakanin ganye ya taɓa ƙasa, har a iya samun maki a kowace mita 1. Karolina ta Arewa na cikin jihohin farko da suka auna ƙasarsu kaf da wannan hanya, bayan ambaliyar da guguwar Floyd ta haddasa a 1999. A irin wannan awo gadon layin dogo yakan fito kamar an ja zare a jikin dutse, har tsohon layin da aka cire ƙarfensa tuntuni ana iya ganin sawunsa.

Duk da haka, gwani ba ya ɗora layi a kan wannan ƙasa ya ce ya gama. Layi ne ke gaba, ƙasa ta biyo shi. Abin da yake nema ido rufe shi ne takardar awon layi ta kamfanin jirgin, doguwar takarda da injiniyoyi ke riƙe da ita, mai nuna a kowane mil inda hawa ya canza, da inda kwana ta fara da inda ta ƙare, da tsananin lanƙwasarta, da gada, da kwalbati, da sigina. Ana samun irin waɗannan a hannun ƙungiyoyin tarihin jiragen ƙasa da tsofaffin ma'aikata. Da ita a gefe, da hoton tauraron ɗan'adam a shimfiɗe ƙarƙashin aikin, magini zai fara daga wani wuri da ya tabbatar da tsayinsa, ya sa lambar hawa, ya ja layi zuwa inda takarda ta ce lambar ta canza, ya sa sabuwa, ya ci gaba. Jarrabawar tana can ƙarshe. Idan ya taso daga Melrose, dole ya iso tsakiyar garin Saluda daidai da tsayin titin da ke gefen layin. Kuskuren kashi 0.1 kacal, wanda ido ba zai taɓa kamawa ba, a tsawon kilomita 4.2 ya zama mita 4 da ɗoriya: jirgi ya iso gari yana shawagi a saman rufin shaguna, ko kuma a binne. Ɗan koyo zai ja ƙasar sama ko ƙasa ya rufe aibin. Gwani zai koma baya ya nemo inda lissafi ya kauce, ko da zai warware aikin mako guda, domin ya san lambar da ya sa ita ce za ta ja jirgin, ba hoton ba.

Akwai kuma laushin hannu da takarda ba ta koyarwa. Layin gaske ba ya karyewa daga kwance zuwa hawa farat ɗaya, kuma ba ya faɗawa kwana daga miƙe ba tare da shiri ba. Injiniyoyi na sa lanƙwasa mai shigowa a hankali, suna kuma ɗan ɗaga ƙarfen waje a kan kwana. In magini ya tsallake wannan, taragai za su riƙa zabura a duk mahaɗa, mai wasa ya ji a jikinsa cewa wani abu ba daidai ba ko da bai san sunansa ba. Sai an gama wannan duka sannan a ce wa ƙasa ta matso ta rungumi layin, a fitar da yanka a inda aka fasa dutse, a tayar da ciko a inda aka cike rami.

Wanda ya yi wannan aiki a kan Saluda ba zai rasa jin nauyin tarihinta ba, don duk yankan da yake fitarwa da danna maɓalli, da diga da shebur aka haƙa shi. Kyaftin Charles W. Pearson ne ya zaɓa wa kamfanin Spartanburg and Asheville hanyar a 1877, bayan ya duba bai sami wata mafita mai sauƙi ba ta hawa bangon tsaunukan Blue Ridge da kuɗin da ke hannu. Fursunoni aka yi haya daga gwamnati suka yi aikin, akasarinsu baƙar fata, kuma da yawa sun mutu a wurin. Jirgin farko ya isa Saluda ranar 4 ga Yuli, 1878. Daga nan gangarar ta shiga cin ma'aikatan jirgi, don jirage sun sha ƙwacewa su bi ta da gudu har su kife a ƙasa. Bayan haɗurran 1903 ne kamfanin Southern Railway ya gina layukan tsira guda biyu, waɗanda ke karkata daga babban layi su haura jikin dutse don jirgin da ya ƙwace ya ƙare gudunsa a can. Ana danganta shawarar ga wani direba, Pitt Ballew, wanda ya tsira da raunuka a ɗaya daga cikin haɗurran shekarar.

Yanzu mu zo ga zuciyar aikin, wato lambobin da ke ba jirgi nauyi. Lissafin farko ba shi da wuya. A kowane kashi 1 na gangara, kowane tan na jirgin yana jan kansa ƙasa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 10. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, abin da ake bukata don tan guda ya ci gaba da tafiya a hankali bai wuce kilo 1 ko 2 ba, wanda shi ne duk sirrin arahar jirgin ƙasa. A Saluda tan ɗin nan na neman fiye da kilo 40. Ɗauki kan jirgi samfurin SD40-2, mai ƙarfin doki 3,000, wanda ya yi aiki sosai a wannan layi. Nauyinsa wajen tan 170 ne, kuma a busasshen layi abin da ƙafafunsa za su iya ja kafin su fara sulɓi bai fi kusan rubu'in nauyin nan ba. In ka cire abin da zai kashe wajen ɗaga kansa, abin da ya rage taragai 5 ne ko 6 masu cikakken lodi. Kan da zai ja gomman taragai a fili ke nan. In kuma an yi yayyafi, ko ganyen kaka ya zuba a kan ƙarfe ya niƙe, sai abin ya ƙara raguwa, direba ya riƙa zuba yashi gaban ƙafafu don su sami abin kamawa.

Mutum zai ce to a jera kawuna 10 a gaba mana. Ƙugiyar da ke haɗa tarago da tarago ita ce ba za ta yarda ba. Duk jan da kawunan ke yi ta ƙugiyar farko yake bi, kuma tana da iyaka. In aka wuce ta sai ta tsinke. Saboda haka a da, jiragen da ke hawa Saluda akan raba su ne a ƙasa, gida biyu ko uku, a hau da kashi ɗaya a ajiye a saman, a dawo a ɗauki na gaba, sannan a sake haɗa su. Magini na ƙwarai sai ya tabbatar wasansa ya tilasta wannan da kansa. Idan mai wasa zai iya jan jirgi duka ya haye ba tare da ƙafa ta yi sulɓi ko ƙugiya ta koka ba, to abin da aka gina hoton Saluda ne kawai. Don haka yakan zauna da takardun bayanan kowane kan jirgi, ya shigar da yadda ƙarfin jansa ke raguwa yayin da gudu ke ƙaruwa, da iyakar mintocin da injinan lantarkinsa za su jure babban lodi a ƙaramin gudu kafin su yi zafi, da nauyin kowane tarago fanko da cike.

Hawa ke nan, kuma hawa ba shi ne abin tsoro ba. Duk mai tura kurar ruwa ya san cewa a kan tudu gumi kawai zai yi, amma a gangara ne kura ke ƙwace masa. Jirgin kwal da ya riƙa bi ta Saluda zuwa tashar wutar lantarki ta kamfanin Duke Power a Belmont ya haura tan 10,000. In duk jikinsa na kan gangarar, ƙarfin da ke tura shi ƙasa ya wuce nauyin tan 400, kuma ba ya hutawa ko na daƙiƙa.

Abin da ke riƙe shi birki ne iri biyu, kuma a nan ne na fi ganin gwanintar maginan. Na farko birkin iska ne, wanda asalinsa ke komawa ga George Westinghouse a wajajen 1870. Bututu guda ne ya ratsa jirgin daga kai har wutsiya, cike da matsattsiyar iska, a jiragen kayan Amurka yawanci allurar agogon tana kan 90. Kowane tarago na da tankinsa da ke cika daga wannan bututu. Direba in zai taka birki, rage iskar bututun yake yi. Kowane tarago sai ya ji raguwar, ya saki iskar tankinsa ta danna takalman birki a jikin ƙafafu. Hikimar ita ce in jirgi ya tsinke, bututu ya fashe, birki zai kama da kansa. Amma akwai tarko a ciki. A taragan kaya na Amurka ana iya ƙara birki kaɗan-kaɗan, ba a iya rage shi kaɗan-kaɗan. In ka saki, ka saki duka. Kuma tankunan ba sa sake cika sai birki na sake, cikar kuwa na ɗaukar mintoci a dogon jirgi, na wutsiya su ne na ƙarshen samu. Direban da ya taka da yawa, ya ga jirgi zai tsaya, ya saki, ya ga ya zabura, ya sake takawa kafin tankuna su cika, kowane taku yana samun ƙasa da na baya. Sau uku ko huɗu, sai ya ja hannun birki ya ji babu komai. A kashi 1 yana da lokacin gyara kuskurensa. A kashi 4 da ɗoriya, cikin 'yan daƙiƙu jirgin ya wuce gudun da birki zai iya dawo da shi, don takalman na yin zafi, kuma da zafin da gudun duk suna rage musu kamu.

Wasa mai arha yakan ɗauki birki kamar maɓallin ƙarar rediyo, ka murɗa ya ƙaru, ka mayar ya ragu, duk taragai lokaci guda. Wasannin da suka ɗauki abin da gaske, irin su Run 8 da Open Rails, suna lissafa iskar kowane tarago daban, da jinkirin da saƙo ke yi kafin ya kai wutsiya, da yoyon da ke mahaɗar kowace mesa. Inda injin wasan bai kai nan ba, maginan kan rubuta nasu ƙarin umarnin su ɗora a kai. A Train Simulator Classic da harshen Lua ake yin wannan. Har ɗan famfon nan da ke jikin kowane tarago sukan kwaikwaya, wanda ma'aikaci ke bi da ƙafa yana murɗawa kafin a fara sauka, don ya riƙe wani kaso na iska a cikin birki ko da direba ya saki, tankuna su sami damar cika ba tare da jirgi ya kuɓuce ba.

Birki na biyu na lantarki ne. Injinan da ke juya ƙafafun kan jirgi ana mayar da su janareta, sai juyawar ƙafa ta koma samar da wuta, wutar a ƙone ta a wasu wayoyi da ke saman kan, manyan fankoki na hura musu iska. Ba ya cin takalmi, ba ya cin iska, kuma ana iya ƙara shi a rage shi yadda aka so. Zuwansa tare da kawunan dizal ne ya sauƙaƙa Saluda har aka cire layin tsira na sama, aka bar na Melrose. Amma shi ma yana da halinsa: akwai gudun da ya fi ƙarfi a kai, kuma yana raunana in gudu ya yi yawa ko ya yi ƙasa ƙwarai. Sannan duk riƙonsa a gaba yake, don haka taragai na taruwa su danno kan. Tsakanin kowace ƙugiya da 'yar'uwarta akwai ɗan sako-sako, wanda in aka tara na taragai 100 sai ya zama mitoci. Jirgi na miƙewa yana tsukewa, kuma in direba ya yi garaje, bugun na bi daga tarago zuwa tarago har ya iso shi.

Wurin da duk waɗannan ke haɗuwa shi ne ƙololuwar, a tsakiyar garin Saluda, gefen shagunan babban titi. Jirgin da ya fito daga Asheville hawa yake yi kafin ya iso, sai kuma layin ya faɗa gaba kamar an yanke shi. Dogon jirgi yakan kasance kansa ya fara gangarawa alhali wutsiyarsa na hawa. Kowane tarago da ya tsallaka ya tashi daga masu riƙewa ya koma masu turawa, don haka birkin da ya isa yanzu ba zai isa ba bayan daƙiƙa 20. In wasa na ɗaukar jirgi a matsayin dunƙule guda mai hawa ɗaya, wannan duka ya ɓace. Sai an lissafa kowane tarago da gangarar da ke ƙarƙashinsa shi kaɗai, kuma sai magini ya fitar da lanƙwasar ƙololuwar daidai, kafin mai wasa ya ɗanɗani abin da ya sa a da kamfanin ba ya barin jirgi ya sauka sai da wani babban jami'in direbobi da ya san dutsen a cikin kan.

Dokokin wurin ma gini ne. Wadda ta fi shahara ita ce ta Melrose. A lokacin da layin ke aiki, makarkatarsa a kullum tana fuskantar layin tsira ne, ba babban layi ba. Jirgi mai saukowa sai ya bi wani yanki da agogo ke auna shi. In bai wuce mil 8 a awa ba, wato kusan kilomita 13, sai makarkatar ta juya da kanta ta ba shi hanya. In ya wuce, jikin dutse zai haura. Magini sai ya rubuta wannan agogo, ya haɗa shi da sigina da makarkata, ya gwada shi da gajeren jirgi da dogo. Ba ƙaramin jin daɗi ba ne ga mai wasa, bayan kusan minti 20 yana lallaɓa tan dubbai a gudun da keke zai wuce shi, ya hango siginar ta canza.

Ado kuma yana da nasa bincike, ko da yake ba zan daɗe a kansa ba. Dole magini ya tsayar da zamani guda, don layin 1975 ba shi ne na 1995 ba. A 1982 ne Southern ta haɗe da Norfolk and Western aka sami Norfolk Southern, saboda haka wanda ya zaɓi shekarun 1980 zai haɗa kawuna masu tsohon fentin Southern, baƙi da farin ɗamara da rubutun ruwan zinariya, da sababbi masu hoton doki. Zai tuna cewa Southern na son kawuna masu dogon hanci, kuma sau da yawa doguwar fuskar ce ke gaba, abin da ke canza duk abin da direba ke iya gani a kwana. Zai lulluɓe gefen kwarin da kudzu, wata ciyawa mai yaɗo da aka kawo daga Japan ta mamaye kudancin Amurka, har tana haɗiye bishiya da turakun waya. Tsofaffin hotuna, da fim ɗin da kamfanin ya shirya don koyar da ma'aikata saukar dutsen, da bidiyon da masu sha'awa suka ɗauka lokacin da kan tururi mai lamba 611 ya hau a 1992, duk ana tsayar da su hoto-hoto ana duba inda wata bukka take da launin rufinta. Wahalar ita ce daji na cin ƙarfin kwamfuta. Sai a sa bishiyoyi masu cikakken reshe kusa da layi, na nesa kuma a yi su da sauƙaƙan hotuna, a ɓoye mahaɗar yadda ido ba zai kama ba. Sauti ma haka: kukan fankokin birkin lantarki, da ƙarar ƙafa na gogar ƙarfe a kwana, a wurin direba bayani ne, da su yake sanin halin da jirginsa ke ciki kafin ya dubi agogo.

Bayan duk wannan sai gwaji, wanda shi ne ya fi cin lokaci kuma babu mai ganinsa. A sauko da jirgi bisa ƙa'idar littafin kamfani, a ga ko ya isa Melrose lafiya. A sake saukowa da gangan ana kuskuren da ke kashe mutane, a ga ko ya ƙwace. Dole duka biyun su faru. In bin doka bai tsirar ba, an zalunci mai wasa. In karya ta bai jawo komai ba, an yi wa dutsen ƙarya. Tsakanin waɗannan biyun akwai 'yar siririyar tazara, kuma samunta na nufin a canza lamba ɗaya, ƙarfin kamun takalmi ko saurin cikar tanki, a sake hawa sama a sauko, a kuma sakewa.

A 2025 ƙungiyoyin kiyaye muhalli na yankin suka sayi kusan kilomita 50 na wannan layi daga hannun Norfolk Southern, daga Inman a Karolina ta Kudu zuwa Zirconia, don mayar da shi hanyar masu tafiya a ƙafa da masu keke. Gadon layin zai zauna, kuma awon lesa ya riga ya adana siffarsa. Abin da ba ya cikin kowace taswira shi ne ilimin hannun mutanen da suka yi aikin, kuma waɗanda suka sauke jirgi na ƙarshe a 2001 yanzu girma ya kama su. Shi ya sa maginan da suka san abin da suke yi ke neman tsofaffin direbobi da masu duba taragai, su zaunar da su gaban allo, su miƙa musu birki. Tsoho zai sauko rabin gangara ya ce a'a, iskar nan ta cika da wuri, a lokacin sanyi ba ta yin haka. Ko ya ce a wannan kwana jirgi kan ɗan lafa, sai ka rage birkin lantarki tun kafin ka shige ta. Magini ya rubuta, ya koma ya buɗe fayil ɗin taragon, ya gyara lambar, su sake hawa Saluda su sauko tare.